Ka karɓi katin nutso amma har yanzu gabanka na faɗuwa? Zo mu zauna

Wani ƙanena da yake karatu a Alƙahira ya kira ni kwanakin baya wajen sha ɗaya na dare, yace Yaya na gama kwas ɗin nan na nutso a teku da silindar iska, har an bani katin Open Water, na matakin farko, amma wallahi in gaya maka gaskiya tun daga ranar ban sake sa ƙafata a ruwa ba, da na tuna lokacin da malamin yace in cire tabaran nan mai rufe ido da hanci a ƙasan teku sai inji ƙirjina na dukan uku-uku. Nayi dariya, ba dariyar raini ba, dariyar wanda ya ga kansa a madubi, dan nima haka nayi lokacin da na karɓi nawa katin ina ɗalibi a Maleshiya. Abinda na gaya masa a daren nan shi zan maimaita maka, tare da wanda na manta ban faɗa masa ba saboda katin wayarsa ya ƙare.

Da farko ka daina ganin laifin kanka. Mu fa yawancinmu inda muka taso babban ruwan da muka sani shine kududdufin bayan gari ko dam ɗin Tiga in an je yawon sallah, kuma tun muna yara abinda ake cusa mana shine kar a je bakin ruwa, ruwan nan duk shekara sai ya ci mutum, akwai mutanen ɓoye a ciki. In ba Basarke bane kai ko ɗan gidan masunta na Argungu ko Yawuri, toh tsoron nan gadonsa kayi. Baturen da kuka yi kwas tare tun yana shekara huɗu ake jefa shi a suwimin ful, ba ɗaya kuke ba, kar ka auna kanka da shi.

Sannan ka gane menene katin nan. Nutso huɗu kacal kayi a buɗaɗɗen ruwa kafin a baka shi, ko PADI ce ta baka ko SSI, wato ƙungiyoyin da suke bada katin, kusan duk haka ne, kuma abinda ya halatta maka shine zurfin mita 18, tare da abokin nutso, a ruwa irin wanda aka koyar da kai a ciki ko wanda ya fi shi sauƙi. Kamar lasisin tuƙi ne da aka baka bayan ka zagaya filin makaranta, ba wanda zai ce gobe ka ɗauki tirela ka nufi Legas. Abin da yake kashe tsoron shine ka koma ruwa da wuri, kayi ta nutso marar zurfi, mita 6, mita 8, mita 10, kayi ta maimaitawa har abin ya fara gundurarka. Ranar da ka ji nutso a mita 8 ya zama kamar zuwa shago siyan burodi, ranar ka warke. In ka bari wata shida ko fiye suka wuce baka shiga ba, kar kayi girman kai, ka biya kuɗin darasin tuni, rabin yini ne a ful ko a bakin gaɓa, malami zai sake bi da kai ta kan komai.

Yanzu tsoron kansa. In ka tambayi mutum me kake tsoro sai yace ruwan. Ba ruwan bane, wani abu ne guda ɗaya ko biyu a cikinsa, sai ka zauna ka gano naka dan kowanne da maganinsa.

Wanda ya fi damun mutane shine irin na ƙanena, ruwa ya shiga tabarau ya taɓa hanci. Da ruwa ya taɓa ƙofar hanci ƙwaƙwalwa sai tace maka ana shaƙe ka, alhali regileta, wato na'urar da ke kawo iska daga silinda, na bakinka tana baka iska yadda kake so. Abin dariya mu da muke shaƙa ruwa a hanci sau biyar a rana wajen alwala ya kamata ace mun fi kowa iya wannan, amma ina. Ga yadda na koya: ka shiga ful inda ruwa ya tsaya maka a ƙirji, ka ajiye tabarau a gefe, ka sa bututun shaƙar iska a baki, ka dulmiya fuskarka tsirara a ruwa, ka ja iska ta baki ka fitar da ita a hankali ta hanci. Farko daƙiƙa goma zaka yi ka ɗago kana tari, ba komai, ka koma. Kayi ta yi har ka iya minti biyu kana tunanin wani abu daban. Daga nan cire tabarau a mita 10 ba wani abu bane, abinda ka saba ne kawai a wani wuri. Kuma mafi yawan yoyon tabarau ba daga sakin maɗauri bane, daga ɗaure shi tamau ne har robar ta lanƙwashe, ko gashi ya shiga ƙarƙashinta. Masu gashin baki ku rage layin da ke daf da hanci kaɗan, gemu kam ba ruwansa, nawa yana nan ban taɓa shi ba. Sabon tabarau kuma ka goge gilashin ta ciki da man goge baki sau biyu ko uku kafin ka fara amfani da shi, in ba haka ba hazo zai dinga rufe maka ido, kuma kafin kowane nutso ka tofa yawu a ciki ka murza ka ɗauraye, ƙazanta ce amma tana aiki.

Na biyu numfashi, kuma anan zan daɗe dan anan rai yake. Mutum in ya tsorata numfashinsa gajeru ne masu sauri, sama-sama. A ƙasan ruwa wannan masifa ce, saboda iskar da ka fitar bata gama fita daga bututu da maƙogwaro ba ka sake jawo ta, sai iskar kabon ta taru a jininka, ita kuma wannan iskar ita ce take sa mutum yaji kamar ana danne masa ƙirji yana neman iska, sai ka ɗauka regileta ce ta lalace ko silinda ta ƙare, sai ka ƙara sauri, sai abin ya ƙara muni, daga nan sai ka ga ido ya firfito mutum ya tofar da regileta ya nufi sama a guje. Duk wannan cikin minti ɗaya yake faruwa. Maganin kuma ba a jan iska yake ba, a fitar da ita yake. Da ka ji alamar abin na tasowa ka tsaya cak, ka daina kaɗa ƙafa, ka kama igiya ko dutsen da ba murjani a kansa (halittar nan mai rai da take tsirowa a kan duwatsun teku) ko hannun abokinka, ka fitar da iska doguwa har sai ka ji huhunka ya yi fayau, sannan ka ja a hankali. Ni ƙirgawa nake, huɗu shiga shida fita, wani lokacin salati nake a zuciya dan shi ma yana daidaita min numfashi. Sau biyar ko shida zaka ji duniya ta dawo daidai.

Dalilin da yasa gudun nan zuwa sama ya fi komai haɗari lissafi ne mai sauƙi. A saman ruwa matsin da ke kanka 1 ne a ma'aunin matsi da ake kira ba (bar), a mita 10 ya zama 2, a mita 20 ya zama 3, a mita 30 ya zama 4. Iskar da ka shaƙa a mita 10 in ka riƙe ta a ƙirji ka taso, kafin ka kai sama ta ninka girmanta biyu, huhu kuma ba balan-balan bane, yagewa yake, kuma ba sai daga mita 10 ba, ƴan mitoci kaɗan na kusa da sama ma sun isa suyi ɓarna tunda anan canjin ya fi yawa. Shi yasa doka ta farko da aka nanata maka a aji itace kar ka taɓa riƙe numfashi. Tasowa kuma a hankali, tsohon ƙa'idar PADI kar a wuce mita 18 a minti, kwamfutocin hannu na yanzu kuma da ka wuce wajen mita 9 ko 10 a minti zasu fara yi maka ihu, ka bi na kwamfutar. A mita 5 ka tsaya minti 3 ko da nutson bai yi zurfi ba, ka mayar da shi ɗabi'a.

Tsoron kar iska ta ƙare shi kam maganinsa a hannunka yake rataye. Silinda ana cika ta zuwa ba 200, ka dinga duba gejinka duk bayan minti biyar, in ta kai 100 ka nuna wa jagora, ka shirya yadda zaka kasance a saman ruwa da 50 a ciki. Da wuya iska ta ƙare kwatsam, yawanci wanda ta ƙare masa dama bai duba bane. Kuma ka sani sabon shiga zuƙar iska yake kamar tsohuwar mota da fetur, zaka ga kai ka kai 60 jagora yana 130, kar ka ji kunya kuma kar ka soma ƙoƙarin tsallake numfashi wai dan kayi tattali, ciwon kai kawai zaka jawo wa kanka. Ka tambayi shagon ko suna da silinda mai lita 15 maimakon mai 12 ko 11 da aka saba bayarwa. Da sabo ya zo cin iskar da kansa zai ragu. A mita 20 kuma iskar da kake ci ninki uku ce ta saman ruwa, wani dalilin kenan na zama a marar zurfi a farko, nutsonka zai fi tsawo, haske ya fi yawa, launi ya fi fitowa tunda ja ma tun wajen mita 5 yake fara dusashewa.

Kunne ba sai na ja ba. Ka fara toshe hanci kana hura a hankali tun kana sama kafin kanka ya nutse, ka maimaita duk mita ɗaya, ka sauka ƙafa a ƙasa kai a sama, in akwai igiya ka bi ta. In ya ƙi buɗewa ka hau sama kaɗan ka sake gwadawa, kar ka hura da ƙarfi, kar ka daure wa zafi, dodon kunne fashewa yake. Mai mura ya haƙura da nutso ranar, kuma dabarar shan maganin buɗe hanci a shiga ba dabara bace, in ya sake ka kana ƙasa wajen tasowa zaka gane kurenka.

Abu ɗaya da ba kowa yake danganta shi da tsoro ba amma ni a ganina shine rabin matsalar: dalma, wato nauyin da ake ɗaura wa mai nutso dan ya iya nutsewa. Malamai da yawa suna lafta wa ɗalibi dalma fiye da ƙima dan ya zauna daram a kan yashi lokacin darasi, sai mutum ya fita da wannan lissafin yana yawo da shi, kullum ji yake ana jan shi ƙasa, yana ta hura iska a jaket, wato rigar da ake hurawa dan ta ɗago mutum, yana ta harbin ruwa, ya gaji, numfashi ya hau, ga tsoro ya dawo. Ka gwada a saman ruwa: jaket ba iska ko kaɗan, ka ja numfashi daidai ka riƙe na ɗan lokaci, ruwa ya kamata ya tsaya maka a saitin ido, in ka fitar da iskar sai ka fara nutsewa a hankali. In da cikakkiyar silinda kayi gwajin ka ƙara wajen kilo 2, saboda iskar ciki tana da nauyi kuma a ƙarshen nutso silindar zata yi sauƙi. Ka rubuta a littafinka, kilo nawa, wace irin rigar roba, mai kaurin milimita 3 ko 5, wane teku. Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, dan haka dalmar da ta ishe ka a Maleshiya ba lallai ta ishe ka a Masar ba.

Sai maganar kifin shak, wadda ita ce tambayar farko da Hajiyarmu tayi min. Mutanen da shak yake kashewa a duk faɗin duniya a shekara yawanci basu wuce goma ba, kuma akasarinsu ba masu nutso da silinda bane, masu iyo ne da masu hawan igiyar ruwa a sama. In ka ga shak a ƙasa ka gode wa Allah dan wasu kuɗi suke kashewa su gan shi basu samu ba. Masu jin wa mutane ciwo ƙananan nan ne, kuma kusan kullum sai ka taɓa su: murjanin wuta mai ƙuna kamar an ɗiga maka man gyaɗa mai zafi, kifin dutse da yake kwance kamar dutsen gaske, kifin zaki mai ƙayoyi, da bushiyar teku. Ka naɗe hannunka a ƙirji ka bar komai inda ka gan shi. Akwai wani ƙaton kifi mai haƙora da turawa suke kira taitan tiriga, lokacin da yake gadin ƙwansa a yashi yakan biyo mutum ya ciji takalmin agwagwarsa, in ka haɗu da shi kayi gefe a kwance kana fuskantarsa, kar ka yi sama.

Bari in baka labarin nutsona na tara, dan akwai cutar da ta fi tsoro illa a wajen Bahaushe, kunya. Mun fita da kwale-kwale daga wani tsibiri, teku ba daɗi ranar, amai ya taso min tun a hanya, jagoran kuma mai gaggawa ne, yana ta tafa hannu a shiga a shiga, ko duba kayan juna bamu yi ba. Raina bai kwanta ba sam amma ni kaɗai ne baƙar fata a jirgin, ga mata biyu har sun faɗa ruwa suna dariya, sai nace a raina wallahi ba za'a ce ɗan Najeriya ne ya noƙe ba. Na faɗa. A wajen mita 12 ruwa yana ja, ina riƙe da igiya kamar tuta, tabarau ya cika, numfashi ya ƙwace min, abinda na sani kawai shine ina kallon hasken sama ina ji kamar in saki igiyar in harba. Abokin nutsona wani dattijo ne, ya matso ya riƙe min kafaɗa ya kalle ni cikin ido yana min alama da hannu, shiga, fita, shiga, fita, har na dawo hayyacina muka hau tare a hankali. Da muka fito yace min wata magana da duk masu nutso suka sani, kowa yana da damar fasa kowane nutso a kowane lokaci ba sai ya bada dalili ba. Mu ma ai muna da tamu, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Babban yatsa sama a ƙasan ruwa ba yana nufin komai lafiya ba, yana nufin mu hau, kuma ba'a musu da shi. Kuɗin nutso ɗaya da ka yi asara ba komai bane. Kuma daga ranar ko jagora zai fashe dan haushi sai na duba jaket ɗin abokina, dalmarsa, maɗauransa, iskarsa, shima ya duba nawa, sai na ja numfashi uku a regileta ina kallon allurar geji in tabbatar bata motsi, dan in tana rawa toh ba'a gama buɗe silindar ba.

Kafin mu je maganar tafiya, lafiyar jiki. Fom ɗin nan da ake baka ka cike kar ka bi shi da a'a a'a a'a dan kar a hana ka. Mai sikila, wato SS, nutso ba nasa bane, wannan kuma ya shafe mu sosai. Mai AS, mai asma, mai hawan jini ko suga, wanda ya taɓa farfaɗiya ko aka taɓa masa aiki a kunne ko ƙirji, ya ga likita tukuna, in da hali wanda ya san harkar nutso. Mai juna biyu ta jira sai ta sauka. Azumi kuma ni bana haɗa shi da nutso, iskar silinda busasshiya ce ƙayau, tana tsotse ruwan jiki, ƙarancin ruwa a jiki kuma yana cikin abubuwan da ake dangantawa da ciwon naitirojin, wato wanda yake kama mai nutso in iskar naitirojin da ta taru a jikinsa a ƙasa tayi kumfa wajen tasowa, ga kuma ruwan gishiri da ba makawa sai ya shiga baki. Ka shirya tafiyarka kafin Ramadan ko bayan sallah.

Toh ina za'a je? Kar ka zaɓi wuri saboda hoton da ka gani a Instagram, wanda ya ɗauki hoton ƙila nutsonsa na ɗari biyar kenan. Abinda kake nema a tafiyar farko ruwa mai ɗumi, garau, marar ja, kuma in so samu ne wanda ake shiga da ƙafa daga bakin gaɓa, ba faɗawa daga jirgi cikin shuɗin da ba'a ganin ƙasansa ba. Shi yasa nace wa ƙanena tunda yana Masar ya hau mota ya tafi Dahab a yankin Sina'i. Garin ƙarami ne, kusan duk nutson daga gaɓa ake yi, akwai wurin da ake kira Lighthouse a tsakiyar gari, zaka saka kaya a bakin gidan shayi ka taka ka shiga, yashi ya gangara a hankali, kai zaka zaɓi zurfin da kake so. Amma a Dahab ɗin dai akwai Blue Hole, rami ne da ya zarce mita 100, akwai wata ƙofa a jikinsa wajen mita 55 da take ɓullewa teku, mutane da yawa sun mutu suna ƙoƙarin ratsa ta da iskar silinda ɗaya, sunayensu na nan a alluna jikin dutsen bakin wurin. Ana nutso a gefen ramin lafiya lau a marar zurfi, amma ba a satinka na farko ba, kuma duk wanda yace maka zo mu leƙa ƙofar ba masoyinka bane. Tun daga wajen mita 30 naitirojin yake fara bugar da mutum kamar ya sha wani abu, balle 55. Haka jirgin Thistlegorm da jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a 1941, wanda har yau babura da motoci suna jere a cikinsa, yana kwance a wajen mita 30 ga jan ruwa, ka ajiye shi a lissafin gaba. In ka fi son kudu, Marsa Alam akwai gaɓar Abu Dabbab, yashi da ciyawar ruwa, manyan kunkuran teku suna kiwo kamar tumaki ko kallonka basa yi. Ruwan Bahar Maliya da rani yana kai digiri 28 ko sama, wajen Fabrairu yana sauka 21 zuwa 22, mu da jikinmu bai saba ba ka nemi riga mai milimita 5 a lokacin sanyi, mai rawar ɗari baya iya numfashi a nutse.

Ƴan'uwanmu mazauna Jidda ku teku na bayan gidanku, ana nutso a wajen Obhur da kuma Yanbu. Masu karatu a Maleshiya ga Tioman, Perhentian da Redang, amma ku lura daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu damina ce mai iska a wannan gaɓar, yawancin wuraren rufewa suke, Sipadan kuma sai da izini na musamman da katin Advanced, na matakin gaba da naka. Zanzibar ma tana da daɗi, daga Nungwi ana fita wajen Mnemba, sai dai a jirgi ne, ka sha maganin amai tun kafin a tashi ba sai ya taso ba, kuma ka taɓa gwada maganin a gida ka ga ko yana saka barci. Bur Sudan inda Hausawa suke da yawa tana da jirgin Umbria da aka nutsar a 1940 da wuraren da duniya ta sani, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ba maganar yawon buɗe ido ake ba, Allah ya kawo musu sauƙi. Abin da ya haɗa waɗannan wuraren, abinci halal ba wahala, masallaci kusa, kuma ba wanda zai kalle ka in ka shimfiɗa darduma a jirgi. Ƴar'uwa kema kar ki ce ba naki bane, rigar robar tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, akwai hular roba mai rufe kai da wuya, mata masu hijabi a Maleshiya da Masar suna yi sosai, kuma kina iya neman a haɗa ki da malama mace. Maganar biza kuma da koren fasfo ɗinmu, ka fara da ita tun kafin ka biya kuɗin otel.

Shagon da zaka bi ya fi garin muhimmanci. Ka tura musu saƙo tun kana gida, ka faɗi gaskiya, nutso na huɗu ne ko shida ne kuma ina da ɗan tsoro. Yadda suka amsa zai nuna maka su waye. Ka tambaya mutum nawa jagora ɗaya yake ɗauka, huɗu yayi, in aka ce takwas ko goma ka nemi wani wurin ko ka biya a baka jagora naka kai kaɗai na kwana ɗaya ko biyu, wannan kuɗin ya fi duk wanda zaka kashe amfani. Ka tambaya akwai tukunyar oksijin a jirgi ko a mota, ina ne ɗakin matsin iska mafi kusa, wanda suke kira camba, inda ake jinyar ciwon naitirojin, a Sharm el-Sheikh da Dahab da Hurghada duk akwai. In ka isa ka kalli kayan haya da idonka, robar bakin regileta a tattaune take, tiyo ya tsattsage, jaket yana riƙe iska? Mafi arha a gari yawanci akwai inda ya rage. Inshora kuma ka yi ta musamman ta nutso, irin ta DAN, ƙungiyar da take kula da lafiyar masu nutso, dan inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa bata ɗaukar haɗarin nutso, jinyar camba kuma da dala ake lissafinta.

Kaya kar ka yi gaggawar siya. Tabarau naka na kanka wanda ya zauna a fuskarka, ka ɗora shi ba maɗauri ka ja iska kaɗan ta hanci, in ya manne toh naka ne. Sai kwamfutar hannu mai sauƙin kuɗi wadda ka karanta littafinta ka san me take cewa, sai doguwar balan-balan ɗin nan mai ruwan lemo da ake hurawa dan jirgi ya hango ka, da usur. Sauran ka yi haya tukuna. Kyamara kuma ka bar ta a ɗaki har sai ka iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba tare da kaɗa hannu ba, na sha ganin sabon shiga yana bin kifi da kyamara ya gangara mita 25 bai sani ba. Nutso biyu a rana ya isa, jirgin da ake kwana a cikinsa sati guda ana nutso huɗu a rana ka bar shi sai gaba. Kwas ɗin Advanced mai kai mutum mita 30 shaguna zasu yi ta tallata maka shi tun washegari, ni a ra'ayina ka tara kamar nutso ashirin tukuna. Kuma ka kula da kanka a tsakanin nutso na talatin zuwa hamsin, lokacin tsoro ya tafi ƙwarewa bata gama zuwa ba, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

In bayan nutso ka ji ciwo a gaɓa kamar kafaɗa ko gwiwar hannu, ko wani sashe na jikinka ya mutu ko yana tsira kamar allura, ko jiri, ko fata tayi wani irin dabbare-dabbare, ko gajiyar da bata yi kama da aikin da kayi ba, ƙila ciwon naitirojin ne, kar kace iska ce ta buge ni ka haɗiyi Panadol ka kwanta. Ka faɗa wa shagon a take, a sa maka oksijin, a kira likitan nutso, kar kuma ka koma ruwa wai dan abin ya narke.

Sai jirgin komawa gida. Ƙa'idar DAN kar ka hau jirgin sama sai ka jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in kayi nutso da yawa ko kwanaki a jere, ni dai 24 nake bari, ranar ƙarshe ta siyan tsaraba ce da shanya kaya. Kuma ba jirgin sama kaɗai ba, duk wani hawa tudu mai tsayi hukuncinsu ɗaya. A Dahab zaka ga ana tallan tafiyar dare zuwa Dutsen Ɗuri Sinina a ga fitowar rana, kuma wane Musulmi ne zai zo nan kusa bai so ya taka wurin ba, amma tsayinsa mita 2,285 ne, hanyar motar kanta hawa ce. Ka je can a ranar farko da ka sauka kafin ka fara nutso, ka huta kwana ɗaya ƙafafunka su dawo, sannan ka je shago a auna maka dalma.